Wutar Cek Da Indomin Salansa: Tarihin Hayaƙin Mota Daga Kalifoniya Zuwa Wagini

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba, da waɗanda sabis ke yi wa wasa irin namu na yammacin Katsina.

Yau maganar mota za mu yi. Duk wanda ya saba zama gidan gaba a motar haya, daga Wagini zuwa Batsari ko daga Batsari zuwa Katsina, ya san wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke ci a dashbod. Makanikai na ce mata cek. Wani direban ya liƙe ta da baƙin salatif, wani ya jingina katin waya a kanta, wani kuma an cire masa ƙwan gaba ɗaya. In ka tambaya amsar ɗaya ce: ai haka take, ba ta hana tafiya.

To, akwai ƙasashen da take hana tafiya. A jihar Kalifoniya ta Amurka, in lokacin gwajin hayaƙi ya yi aka ga wutar nan na ci, ba za a sabunta wa mota takardu ba. Kai, ko wutar a kashe take, ana iya kora mutum gida da magana ɗaya: monitocin motarka ba su kammala ba, je ka yi ta tuƙi ka dawo. Su wane ne waɗannan monitocin? Wa ya saka su cikin mota, don me? Kuma me ya haɗa ɗan Wagini da su, tunda ba wanda ke tare shi a hanya ya jona masa kwamfuta? Amsar na cikin tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga wani hazo.

Ranar 26 ga Yulin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen birnin Los Anjalis suka wayi gari cikin wani irin hazo. Kamar na hunturu a ido, sai dai wannan yaji gare shi, yana sa hawaye da tari. Wasu suka ɗauka Japan ce ta kawo hari da iska mai guba. Daga baya aka ɗora laifin kan wata masana'anta mai haɗa sinadarin roba, aka rufe ta, hazo bai fasa zuwa ba.

Wanda ya warware zancen wani malamin kimiyya ne ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, na jami'ar Caltech. Shi aikinsa ma binciken ƙamshin 'ya'yan itatuwa ne, irin su abarba. Ya ɗebi iskar garin ya auna ta da kayan aikinsa, kuma a farkon shekarun 1950 ya nuna cewa man da bai ƙone ba da wata iska da inji ke fitarwa in ya yi zafi, su ne ke haɗuwa a sama, rana ta dafa su, su zama wannan hazo. Garin kuma duwatsu ne suka kewaye shi, iska ba ta samun hanyar kwashe shi. A taƙaice dai, kowa da ke da mota a garin yana da hannu a ciki.

Kamfanonin motoci suka ce ba su yarda ba, aka yi shekaru ana ja. Amma ido ba ya ƙarya, ga yara na tari a makarantu. A 1967 Kalifoniya ta kafa hukumarta ta kula da iska, lokacin Ronald Reagan na gwamna, aka ba Haagen-Smit shugabancinta. A 1970 majalisar Amurka ta yi babbar dokar tsaftace iska, wadda Sanata Edmund Muskie ya jagoranta, ta ce a rage manyan gubobin hayaƙin mota da kashi 90 cikin 100 a cikin 'yan shekaru.

Wannan dokar ce ta haifi abin da makanikanmu ke kira indomi. Ba taliyar ba, wancan tulun da ke jikin salansa ƙarƙashin mota. In ka fasa shi za ka ga tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Wani injiniya ɗan asalin Faransa, Eugene Houdry, ya ƙirƙiro irinsa tun shekarun 1950, amma sai motocin 1975 aka fara saka shi gadan-gadan a Amurka. Ramukan nan an shafe su da ƙarafa masu tsadar gaske: filatinam, faladiyam da rodiyam. In indomi ya yi zafi, wajen digiri 300 zuwa sama, hayaƙi na bi ta cikinsa sai gubobin su juye su zama iskar da ba ta da wannan illar. Ɗaya daga cikin gubobin ita ce kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a ɗaki.

Sai dai indomi na da maƙiyi, wato dalma. Tun 1921 wani ma'aikacin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa in aka zuba sinadarin dalma a fetur inji na daina ƙwanƙwasa. Aka fara sayarwa a 1923. Shekara guda bayan nan ma'aikata 5 suka mutu a wata matatar mai ta jihar New Jersey saboda shaƙar sinadarin, amma aka ci gaba da kasuwanci har shekaru hamsin. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayanin gubar dalma ba. Maƙwabtanmu ne Zamfarawa, kuma mun ji abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu sanadin dalmar da ke cikin duwatsun zinare. Irin wannan dalmar ce motocin duniya suka yi ta fesawa a iska kaɗan-kaɗan. Abin lura shi ne, a Amurka abin da ya fara korar ta daga gidan mai shi ne indomi, don dalma na lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su. Mota mai indomi dole ta sha man da ba dalma. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta in mun iso gida.

Mataki na gaba shi ne kwamfuta. Don indomi ya yi aiki sosai, sai iska da fetur sun shiga inji daidai wa daida, kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai. Kafireta ba ta iya riƙe wannan lissafin. A 1976 kamfanin Bosch na Jamus da Volvo na Suwidin suka fito da wata sensa da ake ɗaurawa a salansa, tana shinshina hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ita ce oksijin sensa. Daga nan injekta ta ture kafireta, mota ta samu abin da makanikai ke kira birenbos.

A 1984 Kalifoniya ta fara gwajin hayaƙi na dole, ana zura bututu a salansa ana aunawa. Amma gwajin minti kaɗan ne a shekara biyu, sauran kwanakin fa? Sai suka ce to mota ta riƙa binciken kanta da kanta. Daga motocin 1988 suka wajabta wutar gargaɗi, sannan daga 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da tsarin da ake kira OBD na biyu: soket guda mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, da lambobin laifi iri ɗaya ga kowane kamfani. Turai ta biyo baya, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Wannan soket ɗin ne mai wayarin ke jona wa na'ura in an ce a saka wa mota kwamfuta.

Yanzu ga inda wayon ɗan Adam ya shigo. In ka cire kan batir na ɗan lokaci, ko ka goge da na'ura, kwamfutar tsohuwar mota na manta laifin, wuta ta mutu. Ke nan mai mota na iya tsayawa bakin ƙofar gidan gwaji ya cire batir ya mayar, ya shiga da dashbod tas. Masu tsara dokar sun san halin mutanensu, shi ya sa suka saka monitoci.

Kun tuna monitan aji a firamare, mai rubuta sunan masu surutu? To haka suke. Kowane monita ƙaramar jarrabawa ce da kwamfutar ke yi wa wani sashe na mota, kuma a motar fetur za su iya kaiwa 11, kodayake ba kowace mota ke da su duka ba. Uku ba sa hutawa matuƙar inji na aiki: mai lura da ko wani fulogi na tsallake wuta, mai lura da tsarin mai, da mai lura da sensoshi da wayoyinsu. Sauran kuma sai sharaɗinsu ya cika suke aiki. Akwai na indomi, akwai na oksijin sensa da na hitar da ke ɗumama ta, akwai na tururin tanki, akwai na bawul ɗin da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji.

Na indomi ya fi ban sha'awa. Sensa biyu ce, ɗaya kafin indomi ɗaya bayansa. Ta gaba kullum rawa take yi, sama da ƙasa. In indomi na da rai, ta baya a natse take. In kwamfuta ta ga ta baya na kwaikwayon rawar ta gaba, ta gane ba abin da ke faruwa a tsakaninsu, sai ta rubuta lamba P0420 ta kunna wuta.

Dabarar ita ce, duk abin da ya goge laifi yana goge sakamakon monitoci tare da shi. Wuta ta mutu, amma in aka jona na'ura sai ta nuna jarrabawowin nan ba a yi su ba. Kamar ɗalibin da ya yage shafin da aka ba shi sifili, ya kawo littafi ba ja ko ɗaya, amma ba maki ko ɗaya. A ƙa'idar hukumar muhalli ta Amurka, motar 1996 zuwa 2000 ana ɗaga mata ƙafa kan monita 2, ta 2001 zuwa sama kan guda 1 tak. Fiye da haka sai a dawo.

Yaya ake sa su kammala? Ba maɓallin da ake dannawa, tuƙi ne kawai, kuma kowane kamfani da nasa tsarin. Amma jigon kusan ɗaya ne. A gyara laifin tukuna, don in yana nan wasu monitocin ba za su ma fara ba. Mai a tanki ya kasance tsakanin kwata da kwata uku. Mota ta kwana a kashe, kamar awa 8, inji ya huce sarai. Da safe a tayar ba tare da taka totur ba, a bar ta tana aiki minti 2 zuwa 3. A hau titi mai kyau a riƙe gudun kilomita 80 zuwa 90 ba hawa ba sauka na wasu mintuna. Sai a ɗaga ƙafa a bar ta ta sauko da kanta ba birki, in hanya ta ba da dama. Sannan a shiga gari a yi tafi-tsaya. Wata motar rana ɗaya ta gama, wata sai an yi mako. Na tururin tanki shi ne mai taurin kai, don motoci da yawa ba sa yin wannan jarrabawar in garin ya yi zafi ƙwarai. A bazararmu sai dai a gwada da asuba.

Duk da haka mutane ba su daina neman hanya ba, sai aka ƙara wani kulli. Motocin Amurka daga wajen 2010 na da lambar laifi ta dindindin, wadda batir ba ya gogewa, na'ura ba ta gogewa, sai motar da kanta ta sake jarrabawa ta ga an gyara. Daga Yulin 2019 Kalifoniya ta fara kayar da mota a kan irin wannan lambar.

Kada ku ɗauka talaka ne kaɗai ke maguɗi. Mafi girman maguɗin da aka kama kamfani ne ya yi shi. A 2014 masu bincike na jami'ar West Virginia suka ɗaura ma'auni a bayan wasu motocin Volkswagen na dizal suka hau titi da su. Abin da suka gani ya sha bamban da na ɗakin gwaji. Ashe an koya wa kwamfutar motar ta gane lokacin da ake gwada ta, ta natsu, in an fita titi ta saki hayaƙin da ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Ranar 18 ga Satumban 2015 hukumar Amurka ta fasa ƙwai. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya, shugaban kamfanin Martin Winterkorn ya sauka, kuma asarar ta haura Yuro biliyan 30. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da Bajamushe ne ya haƙa shi.

To mu dawo gida. A 1975, shekarar da Amurka ta fara saka indomi, a shekarar ce kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci. Iyayenmu sun ga zamanin 404 da 504, ma'aikacin gwamnati na karɓar bashin mota ya fito da sabuwa dal. Motoci ne na kafireta, ba sensa ba kwamfuta, makanike na gyara su da kunne da sukundireba. A kansu manyan makanikan Katsina da Dutsin-Ma da Funtuwa suka koyi aiki, su kuma suka koya wa na bayansu.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai ƙofar gwanjo ta buɗe. Yarbawa suka ce tokumbo, mu muka ce Beljiyam, saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ake lodinsu, ko mu ce 'yar Kwatano, saboda inda ake sauke su. Wasu ta Legas suke shigowa, wasu su zagayo ta Nijar su faɗo ta iyakokinmu, har gwamnati ta hana shigo da mota ta kan tudu daga Janairun 2017.

Wace irin mota ake turo mana? A Oktoban 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto: tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Hukumomin Holan sun duba waɗanda ke fita ta tashoshinsu, suka tarar akasarinsu ba su da takardar cancantar hawa titi mai aiki, kuma yawanci shekarunsu 16 zuwa 20. Wasu ma an riga an yanke indominsu tun can. Wato motar da gwajin can ya kayar, wadda kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta, sau da yawa ita ce ke zama sabuwa a wurinmu.

Yanzu ku ɗauko maganar dalma da na ce ku riƙe. Turai ta wajabta ƙa'idar da ta sa indomi ya zama dole a sababbin motocin fetur daga 1993. Waɗannan motocin suka fara isowa nan a ƙarshen shekarun 1990, suka tarar da fetur mai dalma. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sai a 2001 suka yi alkawari a Dakar za su daina, kuma sai farkon 2006 yankin ya rabu da shi gaba ɗaya. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Ga kuma farar wuta, wadda ita ma ke raunana indomi. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta bankaɗo yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa wani mai na musamman don Afirka ta Yamma. Turai ta tsaya kan kashi 10 cikin miliyan na farar wuta, mu a lokacin dokarmu ta yarda da har 3,000 a dizal. Kuma ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai.

A ganina nan ne asalin al'adar cire indomi. Makaniken da ya ce indomi na toshe mota ba ƙarya ya yi ba. Indomin da ya tsufa, ya sha gurɓataccen mai, ya sha baƙin man da inji ke ƙonawa, ko ɗanyen fetur daga mataccen fulogi, yana narkewa ya toshe, mota ta kasa hawa tudu. A fasa shi ta saki. Abin da ya faro a matsayin maganin dole sai ya zama ka'ida, har lafiyayye ake cirewa. Sannan kuɗi ya shigo ciki. A 2021 farashin rodiyam ya kusa Dala 30,000 kan oza guda, ya ninka na zinare fiye da sau goma. 'Yan gwangwan suka shiga neman indomi, ɓarayi suka shiga ƙarƙashin motoci, daga Landan har Kano. Wani abin kuma, mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su. Ƙarfen ya bar Afirka ya tace wa Turai iska shekara ashirin, ya dawo mana, mu kuma mu yanke shi mu mayar masu a kan kuɗi kaɗan.

Doka fa? Akwai ta a rubuce. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988 take, ga jami'an VIO, ga KAROTA a Kano da KASSAROTA a nan Katsina. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin mota a 2011. Legas ta buɗe cibiyoyin duba mota da kwamfuta a 2017. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince cewa man da za a shigo da shi kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan na farar wuta, motocin kuma su cika ƙa'idar Turai mataki na 4. Ke nan gwajin da muke jin labarinsa yana tahowa, birni-birni. Wanda ya sayar da indominsa bara, ranar da gwajin ya iso sai ya sayi wani da ninkin kuɗin.

Amma ni ba takarda ce ta fi damuna ba. Ni ɗan Wagini ne, kuma na san abin da tsayuwar mota ke nufi a hanyoyinmu na Batsari da Safana, ga dajin Rugu a gefe. A wani wurin in mota ta mutu a hanya ɓata lokaci ne. A nan, in ta mutu bayan la'asar a wurin da bai kamata ba, kowa a cikinta salati yake yi. Yawancin abubuwan da ke kashe mota a hanya kuma ba sa zuwa ba sallama. Kwayil da ke mutuwa, famfon mai da ke gajiya, sensar da ke ba fulogi lokaci, da yawansu sai sun bar alama a kwamfuta kwanaki kafin su yanke. To wuta ɗaya ce ke sanar da duka. In ka cire indomi, wutar ta kama ci dare da rana a kan P0420, ka saba da ita, ka liƙe ta. Ranar da babban laifi ya zo, ta ina zai gaya maka?

Ga kuma man da ƙauyukanmu ke sha. Da yawansa daga jarka da kwalbar 'yan bumburutu yake, da ƙurarsa da ruwansa. Ko a 2021 da gwamnatin Masari ta hana sayar da mai a jarka saboda tsaro, mun ga yadda samun mai mai kyau ya zama aiki. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, kowace lita ciwo ce. Cire indomi shi kaɗai ba lallai ya ƙara shan mai ba, gaskiya ke nan. Amma matacciyar oksijin sensa na ƙarawa. Haka cire tamostat da haɗa fanka darek, wanda ya zama kamar sunna a garejinmu: inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta tura mai, monitoci kuma su ƙi kammalawa.

Sai huhu. Ba zan ce hayaƙin mota ne babbar matsalar iskar Wagini ba, hayaƙin murhu da ƙurar hunturu sun fi shi yawa. Amma ku duba Golf ranar kasuwa, but a buɗe, buhunan gero da dankali, yara da samari zaune a kai ƙafafu na lilo saitin salansa. Mota in tana gudu but a buɗe, iska na murɗo hayaƙin ta mayar da shi ciki. Ciwon kai da jirin da fasinja ke sauka da su ba duka ne na gajiya ba. Mai tallan awara a bakin tasha da yaron mota su ma shi suke shaƙa wuni guda.

Abin da tarihin nan ya bar mana na amfani tun yau, tun kafin wani jami'i ya zo, ga shi. In za ka sayi mota, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole wutar cek ta kama tare da sauran, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ƙwan. Sannan ka nemi mai na'ura, yanzu har ƙarama akwai da ake haɗawa da waya. Kada ka tsaya kan cewa ba lambar laifi, ka ce a buɗe maka shafin monitoci. In ka ga yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Motoci da yawa ma na nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar. Ka ce a yi tuƙi a sake dubawa kafin kuɗi ya fita. Masu Honda na da sauƙi: murɗa makulli ka jira kamar daƙiƙa 20, in wutar ta ƙifta sau 5 monitoci ba su kammala ba, in ta mutu kai tsaye sun kammala. Tsofaffin motocin Turai na kafin 2001 ba lallai su amsa wannan na'urar ba, su sai ido da kunne da leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai sabon walda a salansa.

In motar taka ce, wutar da ke ci a tsaye na nufin a duba cikin kwanakin nan. Wadda ke ƙiftawa kana tafiya na nufin fulogi na tsallake wuta sosai, ɗanyen mai na zuba cikin indomi yana ƙona shi, rage gudu ka nufi gareji. Wani lokaci laifin bai wuce murfin tanki da bai rufu ba, musamman a motocin Amurka, balle in tsumma da leda ne murfin. In ka kai gyara, ka ce a gaya maka lambar ka rubuta kafin a goge. In an gyara da gaske, wutar na mutuwa da kanta bayan tafiya 3 a jere ba laifi. Kuma ka san ko motarka na da indomi kafin ka bar ta ta kwana a hannun da ba ka sani ba.

Matasanmu masu koyon kanikanci, wannan fagen naku ne. Motocin kafireta na ƙarewa, wanda ya iya karanta na'ura shi zai riƙe garejin gobe, ko a Wagini ne.

A nan za mu dakata. Ku tura wa direba ko makaniken da kuka sani. Allah Ya tsare hanya, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.